Ɗaure Ƙusoshin Birki Kafin Jigilar Kaka

Manomi, kaka ta zo, buhuna sun cika, saura kai amfani kasuwa. Ko motar a-kori-kurar taka ce, ko ta ƙungiyarku ce, ka sani guminka na shekara guda da rayukan waɗanda ke ciki duk sun rataya a kan birki. Shi kuma birkin ya dogara ne a kan 'yan ƙusoshi da ba su fi tsawon yatsa ba.

Inda matsalar take

In ka cire tayar gaba za ka ga faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. A gefensa akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, wanda ke riƙe da fatar birki. In direba ya taka birki, shi ne ke matse faifan har mota ta tsaya. Galibi manyan ƙusoshi 2 ne ke ɗaure shi da ƙafar mota.

Hanyoyinmu na ƙauye gargada gare su. Girgiza da nauyin kaya, da zafin da birki ke yi ya huce, su ne ke sassauta ƙusa a hankali a hankali. Ran da ɗaya ta fice, sai muƙamuƙin ya karkace ya riƙa dukan cikin taya. Yana iya cije tayar, ko ya tsinka bututun man birki. To, a nan ne direba zai taka ya ji wayam.

Maganin abin

Akwai wani gam na ruwa da ake ɗigawa a kan zaren ƙusa, wato layukan nan da noti ke bi. A Amurka aka ƙirƙiro shi a 1953, kuma sunan da aka fi saninsa da shi shi ne Loctite. Ba kamar sauran gam yake ba. Muddin yana shan iska ba ya bushewa. Sai an ɗaure ƙusa, ya matsu tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda iska ba ta shiga, sannan ya daskare ya cike 'yan ramukan da ke ba ƙusa damar motsi.

Iri biyu za ka fi gani a kantin kayan mota:

Shuɗi: ƙarfinsa matsakaici ne. Yana riƙe ƙusa, amma sifana na iya kwance ta ran da bukata ta taso. Shi ne ya dace da yawancin aikin birki, domin fata tana cinyewa, dole wata rana a sake kwancewa.

Ja: ƙarfinsa ya fi. Sau da yawa ba ya kwantuwa sai an gasa ƙusar ta kai zafin digiri 250. Wuta kusa da roba da man birki kuwa ɓarna ce. Kada ka sa ja sai in littafin motar ya ce a sa.

Yadda ake sa shi

1. Ajiye mota a wuri mai shimfiɗe, ka sa duwatsu a tayoyin baya. Kada ka amince da jak shi kaɗai, ka tokare da abu mai ƙarfi.
2. Kwance ƙusar ka dube ta. In zaren ya cinye ko ta lanƙwashe, sayi sabuwa. Wasu sababbin suna zuwa da busasshen gam a jikinsu, waɗannan ba sai ka ƙara ba. Wasu motocin ma littafinsu ya hana a mai da tsohuwar ƙusa.
3. Goge zaren da buroshin waya, ka fid da tsatsa da tsohon gam. Share ramin ƙusar shi ma. Giris da mai suna rage kamun gam, saboda haka a wanke da ruwan wanke birki, a bari ya bushe.
4. Girgiza kwalbar, ka ɗiga ɗigo 2 ko 3 a kan zaren. Ba wanka za ka yi mata ba.
5. Fara ɗaurawa da hannu don kada zaren ya hau karkace. Sannan a matse da sifana mai awo, daidai da adadin da littafin motar ya faɗa.
6. Mai da taya, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa mota.
7. Gam ɗin yana fara kamawa cikin 'yan mintoci, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan awa 24. In gobe kasuwa, yi aikin tun yau da safe.

Abubuwan kiyayewa

Kada gam ya taɓa fatar birki ko faifan. Kada a sa shi a notin taya, ko bakin bututun mai, ko 'yar ƙusar fid da iska. 'Yan sandunan da muƙamuƙin ke zamewa a kansu giris ɗin birki suke so a jikinsu mai santsi, don in sun cije fata za ta cinye gefe guda.

Gam ɗin liƙa takalmi ko roba ba ya maye gurbin wannan. Kuma ka sani gam ba ya gyara ƙusar da ba a matse ta sosai ba, ko wadda zarenta ya mutu. Taimako yake yi wa sifana, ba aikinta yake karɓa ba.

In ba kai ke gyaran ba, tsaya kusa da makanike ka tambaye shi: "Malam, an goge ƙusar? Wane launi aka sa?" Tambaya ba raini ba ce. In kuwa a kan hanya ka ji ƙwas-ƙwas daga tayar gaba duk lokacin da aka taka birki, a tsaya nan take a duba.

Ragowar shuɗin kada ka yar. Zai yi maka amfani a ƙusoshin injin ban ruwa, da injin niƙa, da garmar shanu. Rufe shi da kyau ka ajiye a inuwa, nesa da yara.

Ka tuna: rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku ko makaniken da ka amince da shi.