Yadda Ake Ɗumama Ɗaki da Itace Har Hunturu Ya Wuce

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ko Gembu cikin watan Janairu ya san ba sai an je Turai ake gamuwa da sanyi ba. Ko a Kano da Damagaram, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, akwai daren da mutum zai ninka bargo biyu amma haƙora na kaɗawa. Wata uku ne cur, kuma itacen da za a ci wannan zango da shi tun kaka ake tanadinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai hazo ya sauka, mai itace zai tsuga maka kuɗi, ya kuma haɗa ka da ɗanye.

Fara da lissafi. Ka ware mako guda kana lura da yawan ɗaurin da gidanka ke ƙonawa wajen jin ɗumi da dafa ruwan wanka, ban da girki. Abin da ka samu ka ninka sau 13, ka ɗora ɗan ƙari saboda baƙi da dararen da sanyi ke tsananta.

Sai zaɓen itace, kuma a nan aikin yake. Ƙirya ita ce gaba. Nauyi gare ta kamar dutse, tana ci a hankali, rushinta na daɗewa, shi ya sa maƙera ba su haɗa gawayinta da na kowace bishiya. Marke na biye mata, sai bagaruwa da tsamiya. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ba ta kai su ba, amma tana ko'ina, in an sassabe ta kuma ta sake tohowa, don haka da ita yawancin gidaje ke rufa wa kansu asiri. Sabara da geza da kalgo na tayar da wuta ne: su kama nan take, su cinye nan take. Kuka da rimi kada ka ɓata gatarinka, cikinsu kamar soso yake. Tinya da tumfafiya kuwa ko kyauta aka ba ka kada su shiga ɗaki, hayaƙinsu na cutar ido da ƙirji. Haka guntayen katako masu fenti, da leda, da tsohuwar taya.

In kana da gona, reshe za ka sara, ka bar uwar. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya da abin da suke kira sassaben zamani: su bar kututture ya toho, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su rene su, sauran su kai gida. Da wannan dabara aka mayar da bishiyoyi a kan fili da ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itace kuma bai yanke musu ba.

Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta, zafin da ya kamata ya shiga jikinka wajen ƙafar da wannan ruwan yake tafiya, kai kuma a bar ka da hayaƙi da hawaye. Gane busasshe ba wuya. Ɗauki guda biyu ka gwara: busasshe zai yi ƙara ƙwal, ɗanye sai dai ka ji tim. Duba bakin yankan, busasshe ya tsattsage, ɓawonsa na saɓulewa da ɗan yatsa. In kuwa ka tura shi wuta ka ji yana tsuwa, kumfa na fitowa ta gindinsa, an cuce ka. A kira mai faskare ya raba manyan gumagumai, domin fasasshen itace ya fi saurin bushewa, amma a bar biyu ko uku na ƙirya yadda suke. Za mu zo kansu.

Wajen jibgewa, a sa duwatsu ko bulo a ƙasa don gara, a gicciya itacen yadda iska za ta ratsa, a kuma nesanta shi da zana da rumbu da ɗakin ciyawa. Yaron da za a aika ɗebowa da magariba ya tafi da tocila. Kunama na son ƙarƙashin itace.

Kafin a zo ga wuta, a gyara ɗakin. Ɗakin soro yana shan rana da yini ya riƙe ɗumi har dare, shi kuwa na kwano mara silin rana na faɗuwa ya huce. A toshe ɓarakar da ke tsakanin bango da rufi da tsumma ko laka, a rataya labule mai kauri a ƙofa, a shimfiɗa tabarma a ɗora darduma a kan siminti. Amma taga ɗaya ta sama, ko ƙaramar kafa, a bar ta buɗe komai sanyi.

A tsakar gida ake hura wutar, a gefen da katanga ta kare iska. Kara da ƙirare a ƙasa, sirara a kansu, manya daga sama, a bar ƙofar da iska za ta shiga. Ashana ɗaya ta isa in karan ya bushe. Fetur haramun ne, kananzir ma kada a tsiyaya shi kan wutar da ta riga ta kama, harshen na iya biyo shi har cikin galan. A bar wutar ta ci har hayaƙi ya ɗauke, sannan a kwashi jan rushi a kaskon da aka zuba wa yashi ko toka a gindi. A shiga da shi bayan magariba, a girke shi a ƙasa, nesa da katifa da gidan sauro da labule, inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba. Tsoho, da mai farfaɗiya, da mace mai hijabin roba, a ɗan ja da su baya.

Da an yi shirin kwanciya, kasko ya fita waje. Wannan ba na sassauci a kansa, don na ɗanɗana. Wata shekara a Jos, ni da abokin zamana muka rufe ƙofa da taga, muka bar rushi ja-wur a tsakar ɗaki, muna cewa ai ba hayaƙi. Cikin dare na farka kaina kamar ana sara shi da gizago, na miƙe ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai ga sakata. Shi kuwa sai da aka fito da shi ranga-ranga. Allah ya yi da sauran kwana. Rushi ko ba ya hayaƙi yana fitar da iskar da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu, mai barci kuma ba ya jin shigarta. Haka abin yake ga gadon ƙasa na maijego da ake zuba wa wuta a ƙarƙashi: a gasa gadon, a kwashe rushin, sannan ita da jinjiri su hau.

To da me za a kai asuba? Da ɗumin da bango da ƙasa suka riga suka sha, da kuma jan bulo. Kakata takan jera biyu a gefen murhu tun la'asar, in za a kwanta ta naɗe su da tsohon zane ta tura mana wajen ƙafa. Ban da dutsen rafi, wanda ya sha ruwa yana iya fashewa a wuta. Gungumen ƙiryar nan da aka ajiye kuwa, a tura bakinsa cikin murhun madafi a rufe da toka. Da asuba a tona, a ɗora kara, a yi fifita biyu, ruwan alwala ya samu.

Toka mayaudariya ce, takan ɓoye garwashi fiye da yini guda, iskar hunturu kuma ba ta da wasa. A yayyafa mata ruwa kafin a kai ta juji ko gona, a kuma kwana da bokitin ruwa cike a bakin ƙofa.

In wani ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwan sanyi har minti 20, ban da ƙwai da man goge baki. In kuma mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, a buɗe ƙofa a fito da kowa fili. Wanda ya suma kada a ɗura masa manja ko madara, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti a gaya musu rushi ya kwana a ɗakin. Lambar neman agaji a Najeriya 112 ce, ta 'yan kwana-kwana a Nijar 18. Mai gida, ka sa su a wayarka tun yau, ka kuma nuna wa uwargida.