Itacen Da Ba Ya Rabuwa Da Ganye: Girmansa Da Renonsa A Cikin Gida

Itatuwan ƙasar Hausa ba halinsu ɗaya ba wajen ganye. Kuka ta kan zubar da nata da shigowar rani, ta tsaya fayau har bazara. Gawo kuwa da damina ya ke kaɗewa, da rani ya yi kore shar. Akwai kuma kashi na uku, watau waɗanda ba a raba su da ganye rani da damina, kamar dogon yaro da mangwaro da lemo da gwaiba. Su ne mutane su ka fi so a tsakar gida da ƙofar kanti, domin inuwarsu tana nan a watan Maris da Afrilu, sa'ad da a ka fi bukatarta.

Amma itacen da ba ya hutawa ba ya daina shan ruwa, ba ya kuma daina miƙa saiwa. Wanda ya dasa shi ba bisa ƙa'ida ba, wata rana sai ya ga katanga ta tsage, ko reshe ya auka wa kwanon ɗaki, ko maƙwabci ya kai ƙararsa gaban mai unguwa. Duk wannan kuwa tun ran dashe a ke maganinsa.

YADDA YA KE GIRMA

A ɗauki dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, waɗansu bedi, waɗansu maina. Asalinsa na ƙasar Indiya ne da Bama. A shekarar 1928 a ka kawo shi lardin Barno daga ƙasar Gana, yanzu kuwa da wuya a shiga gari a arewa ba a gan shi ba. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 50 ko 60, watau wajen mita 15 zuwa 18. Mangwaro ma daga can wajen Indiya ya fito.

Kada a ɗauka waɗannan itatuwa ba su zubar da ganye. Suna zubarwa, mai shara ya sani. Abin da ya bambanta su da kuka shi ne, sabon ganye ya kan fito kafin tsohon ya gama zuba. Ganye kuwa shi ne madafar itace, a nan ya ke haɗa abincinsa da hasken rana da iska da ruwa. Akwai ƙananan ƙofofi a bayan ganye, ido ba ya ganinsu, ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Saboda haka muddin akwai ganye a kai, dole saiwa ta yi ta jawo ruwa, ko da an yi wata bakwai ba a ga hadari ba.

Saiwar iri biyu ce. Akwai babba wadda ta ke nutsawa ƙasa neman laima, ta mangwaro ta kan kai ƙafa 20. Akwai kuma ƙanana da ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa, su ne masu cin abinci, su kan wuce iyakar inuwar itacen da nisa. Duk inda su ka ji danshi, ko rijiya ko shadda ko makwararar ruwan wanka, can za su nufa.

Abu biyu kuma ya kamata mai gida ya riƙe. Na fari, itace daga kan rassa ya ke ƙara tsawo, ba daga gindi ba. Reshen da ya fito daidai ƙugun mutum, nan zai zauna har abada, kauri kaɗai zai ƙara. Na biyu, ran itace yana ƙarƙashin ɓawo, ta nan abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. In an zagaye gindi da sassaƙa don neman magani, ko an bar waya ko igiyar ɗaure dabba ta nutse cikin ɓawo, itacen zai mutu ko da ana ba shi ruwa kullum.

ZAƁEN WURI

Kafin a haƙa rami, sai a auna wurin da girman da itacen zai yi bayan shekara 20, ba da ɗan dashen da ke hannu ba. Dogon yaro da mangwaro a ba su aƙalla ƙafa 20 daga ginin ɗaki ko katanga, ƙafa 30 daga rijiya ko shadda. Tsakanin mangwaro da ɗan'uwansa a bar ƙafa 30. Kada a dasa ƙarƙashin wayar lantarki. In gida ƙarami ne, gara a haƙura da manyan, a sa lemun tsami ko gwaiba, su ƙafa 10 zuwa 12 ta ishe su.

Yamma da ɗaki ya fi dacewa. Ranar la'asar ita ce ke gasa bango, ɗaki ya kwana da zafi, inuwa ta wannan gefen ita ce mai amfani. Ban da wannan kuma, iskar hadarin farkon damina galibi daga gabas ta ke tasowa, in reshe ya karye sai ta yi nesa da shi daga rufi. A guji kwari inda ruwa ke kwanciya, dogon yaro yana jure fari, amma ba ya jure ruwa a gindinsa kwana da kwanaki.

DASHE

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A cire ledar da dashen ya zo a ciki ba tare da an warwatsa ƙasar ba, a sa shi daidai zurfin da ya ke a da, a danne ƙasa, a ba shi ruwa nan take. Da yamma a ke wannan aiki.

Mai son shuka dogon yaro da kansa ya nemi sabbin 'ya'ya da su ka nuna, ya wanke, ya shuka cikin mako biyu ko uku, domin irinsa ba ya daɗewa a ajiye. Mai son mangwaro kuwa ya nemi mai aure a wurin ma'aikatan gandun daji ko masu renon dashe. Mai aure ya kan fara 'ya'ya a shekara 3 ko 4, na ƙwallo sai ya yi 6 ko fi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a fizge shi, in ba haka ba zai danne na sama.

RANI BIYU NA FARKO

A nan yawancin dashe ke mutuwa. Ganye na neman ruwa, saiwa kuwa ba ta kai laima ba tukuna. A yi masa ɗan gurbi kewaye da gindi, a zuba garwa ɗaya sau biyu a mako, a ƙara da bazara. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ne ke jan saiwa ƙasa. In ruwa na da wuya, a binne tsohon tulu kusa da shi har wuya, a cika, a rufe bakin, zai yi ta tsatsa a hankali. A rufe gurbin da ciyawa ko busasshen ganye, amma kada su taɓa gindin, saboda gara. Sa'an nan a kewaye shi da ƙaya ko tubali. Da rani, koren ganye kaɗai akuya ke nema, dare ɗaya ta kan gama da wahalar shekara.

DATSA RASSA

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Tun yana ƙarami a zaɓi kai ɗaya miƙaƙƙe, a dinga cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan ko wace shekara, har mutum ya iya wucewa ƙarƙashinsa da kaya a ka. Itacen da ya rabu biyu tun daga ƙasa, shi ne iska ke tsagawa.

In ya girma, a duba shi kafin hadarin farko. A cire busassun rassa, da masu gugar juna, da waɗanda su ka leƙa kan rufi ko gidan maƙwabci. In an ga kauci, a yanke reshen da ya kama tun bai yaɗu ba. Zarto ya fi gatari. Reshe mai nauyi a fara tsaga shi ta ƙasa, sa'an nan a yanke ta sama, don kada ya ɓare ɓawon gindi in zai faɗi. A bar ɗan kumburin nan da ke inda reshe ya haɗu da uwa, daga nan ne ciwon ke rufewa. Kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara guda. Dogon yaro ya kan sake tohowa ko an aske shi ƙwal, amma rassan da ke biyo baya ba su da ƙarfin riƙo, su ne ke karyewa daga baya. Abin da ya kusanci wayar lantarki kuwa, a bar wa ma'aikatan wuta.

Mangwaro da nasa lokaci dabam. A kan rassa ya ke fure da hunturu, 'ya'ya su nuna da bazara. Wanda ya datse shi da kaka ya datse amfanin shekarar. Da zarar an gama tsinka a ke rage shi, domin sabon toho ya ƙosa kafin sanyi.

Ganyen da a ke sharewa kuma kada a ƙone shi a gindin itacen, wuta tana dafa ɓawo. A tara shi a rami tare da toka da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, kafin damina ta yi nisa ya zama taki.

Wanda ke da niyyar dashe bana, ya auna wurinsa ya haƙa raminsa tun yanzu, ya tanadi ƙaya. In akwai abin da ya shige masa duhu, ya tuntuɓi malamin gona ko na daji na yankinsa kafin ruwa ya zauna.