Duwatsun Azbin da Namun Dajinsu: Darasi ga Mai Son Hawan Dutse

Gabatarwa

Yawancin ɗalibanmu in aka ce hamada, abin da ke zuwa musu a rai shi ne rairayi iyakar ganin ido. Amma a tsakiyar Sahara akwai manyan duwatsu masu ruwa da lambuna da namun daji. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne duwatsun Azbin, a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 700 arewa da Kano in an bi ta Damagaram da Tanut. Azbin ba baƙuwarmu ba ce. Tarihin Gobirawa ya nuna can suka zauna kafin su gangaro kudu. Raƙuman Azbinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo gishirin Bilma Kasuwar Kurmi, har yau kuma akwai unguwar Agadasawa a cikin birni. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa Azbin a 1850, ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya iso Kano a Fabrairun 1851.

Yadda ƙasar take

Faɗin duwatsun ya kai murabba'in kilomita 84,000, wato wajen ninki huɗu na Jihar Kano. Ƙololuwar da ta fi tsawo tana kan dutsen Bagzan, mita 2,022 daga gaɓar teku, babu kuma wurin da ya kai ta tsawo a duk Nijar. Masana sun gano cewa wasu duwatsun Azbin da na Damagaram da na Riruwai da na Jos jeri ɗaya ne, narkakken dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare. Na Azbin ne suka fi tsufa. Shi ya sa aka haƙi kuza a Azbin kamar yadda aka haƙa a Riruwai da Jos.

Me ya sa ake samun rai a irin wannan wuri? Dalili na farko, in mutum ya hau sama mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Na biyu, dutse ba ya shan ruwa. Ɗan ruwan da ya sauka a Yuli da Agusta sai ya gangara cikin ƙoramu, ya nutse a ƙarƙashin yashi inda rana ba ta iya busar da shi, wani kuma ya taru a kwarmin dutse ya yi watanni. Da wannan ruwa mutanen Timiya suke noman dabino da lemo da rumman da alkama da albasa, raƙumi ko sa yana ja musu guga daga rijiya.

Namun daji

Ragon dutse shi ne gwanin hawa. Yana da manyan ƙahoni masu lanƙwasa da dogon gashi a maƙogwaro da ƙirji. Launinsa ɗaya da na dutse, saboda haka in ya ji motsi sai ya tsaya cik, mutum ya wuce bai gan shi ba. Rema kuma tana zama a tsagin duwatsu, takan fito shan hantsi da safe. Akwai barewa a kwaruruka, da dila, da yanyawa mai manyan kunnuwa waɗanda ke taimaka mata fitar da zafin jiki.

Abin mamaki, akwai goggon biri da jan biri a wasu kwazazzabai na Azbin, alhali 'yan'uwansu suna can kudu da nisa. Dalili shi ne, shekaru dubbai da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Da ƙasa ta bushe, sai waɗannan birai suka maƙale a inda ruwa ya rage. Mutanen wancan zamani sun bar mana shaida a jikin duwatsu. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya fi mita 5 tsawo. Ba a zana dabba da irin wannan kyau sai an saba ganinta.

A gabas da duwatsun, cikin rairayin Tenere, nan ne gidan wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni da masana ke kira adaks. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ganye da raɓa sun ishe ta.

Abin da aka yi hasara

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe murabba'in kilomita 77,360 na Azbin da Tenere ya zama gandun daji. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya, amma a 1992 ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. Farin 1973 da na 1984 sun riga sun rage dabbobin. Farauta da mota da bindiga ta fi fari ɓarna, domin dabbar hamada ba ta jure dogon gudu, in aka kore ta sai ta faɗi. Jimina ta ɓace daga dajin Azbin, yanzu sai a killace ake kiwonta. A 2016 masu bincike suka zagaya yankin Termit ta sama da ta ƙasa, adaks uku kacal suka gani.

Duk da haka ba a fid da rai ba. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duk duniya, sai wanda ke gidajen namun daji. A 2016 aka soma sakin waɗanda aka kiwata a wani gandu na ƙasar Chadi, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Amma a lura, da babu irin da aka ajiye, da babu abin da za a saka.

Ƙa'idodin tafiya

1. Kada a shiga dutse ba ɗan jagora. Matambayi ba ya ɓata. Ko madugun ayari, da duk saninsa, yana kula da taurari da alamun ƙasa.
2. Ruwa ya fi guzuri. Mai tafiya a ƙasa yana bukatar aƙalla lita 5 a yini. In rabin ruwa ya ƙare, a juyo, ko da ƙololuwa tana kusa.
3. A yi tafiya a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A tashi da asuba, a huta da tsakar rana. A tafi da bargo, gama sanyin dare a kan Bagzan yakan kai ruwa ya daskare.
4. Kada a kwana a cikin busasshiyar ƙorama. Ruwan da aka yi a nesa yakan iso da ƙarfi ba tare da an ga hadari ba.
5. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada kuma a zura hannu a tsagin dutse, saboda kunama da maciji.
6. Kada a yi zango a bakin ruwa. Dabbar da ta yini da ƙishi ba za ta matso ba in tana jin mutane.
7. Kada a yi rubutu a kan zanen mutanen dā, kada a sare itace. A 1973 wani direba ya buge itacen nan guda ɗaya tak na Tenere, wanda ayari suka daɗe suna gane hanya da shi. Gawarsa tana gidan tarihi na Yamai.

Daga gida ake farawa

Saboda rashin tsaro a shekarun nan, ba shawara ba ce ɗalibai su nufi Azbin. Amma sannu ba ta hana zuwa. Dala da Gwauron Dutse suna nan cikin gari, Kufena tana Zariya, gidan namun daji na Audu Baƙo kuma ba shi da nisa da Gyaɗi-Gyaɗi. A je da malami, a riƙe littafi, a rubuta suna da launi da abincin kowace dabba da tsuntsu, da lokacin da aka gan su. Wanda ya koyi lura a Dala shi ne zai ga ragon dutse a Bagzan. Namun daji amana ce a hannunmu, amana kuwa ana tambayarta.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa ake samun lambuna a Azbin.
2. Me zanen Dabus da biran Azbin suke koya mana game da Sahara ta dā?
3. Ɗalibai 12 za su yi tafiyar kwana 3. Lita nawa na ruwa za su tanada?
4. Tambayi wani dattijo a unguwarku dabbobin da ya sani a dajin Kano yana yaro waɗanda ba a gani yanzu, ka rubuta amsarsa.