Darasi: Karanta Lambar Shasi Kafin Ka Biya

Darasinmu na yau na mai niyyar sayen tsohuwar mota ne a Alƙahira, musamman ɗalibanmu na Azhar.

Kowace mota tana da lambar da Misirawa ke kira raƙamush shasi, Turawa kuma VIN. A tsarin da Amurka ta wajabta tun 1981, haruffa da alƙaluma 17 ne, babu I, O ko Q a cikinsu. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 Amurka. Na goma kuwa, a yawancin motoci, shekarar ƙira ce: Y 2000, 5 2005, B 2011.

Ka nemi lambar a ƙasan gilashin gaba ko jikin ƙofar direba, ka gwada ta da wadda ke cikin rukhsa, wato takardar mota daga ofishin Murur. In sun saɓa, ko ka ga alamar walda a wurin, kada ka biya: wataƙila motar sata ce.

Fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi, amma dubawa ta fi zuwa kotu sauƙi.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu. Wassalam.