Mai Tsohon Ciki da Ta Kasa Ɗaga Ƙafa

Akwai wata irin tafiya da duk ungozomar da ta daɗe a ɗakin awo take ganewa tun mai ita ba ta buɗe baki ba. Mace ce mai cikin wata bakwai ko takwas, tana jan ƙafa da gajeren taku, jikinta yana rinjaya dama da hagu, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan tallafe da ƙasan mara. In ta iso bakin dakalin shiga ɗaki sai ta ja ta tsaya, domin ɗaga ƙafa ɗaya ta hau ya zame mata jan aiki. A nan Darki da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya ranar awo ta wuce ban ga irinta ba. Abin da yake ci mini rai shi ne yawancinsu ba don ciwon suka zo ba. Awo kawai suka zo, kuma in ban tambaya ba haka za su koma gida ba su ce uffan ba.

In na tambaya, amsar kusan ɗaya ce. "Malama, ai nauyin ciki ne." Wata ta ce, "Inna ta ce kan ɗa ne ya sauko." Wata kuma ta sunkuyar da kai ta ce zaƙi ne ya yi mata yawa, an ma fara ba ta jiƙo. Mai cikin fari ita ce ta fi ba ni tausayi, domin kunya ta hana ta nuna wurin da yake ciwo, balle ta faɗa a gaban uwar miji.

Ciwon nan sananne ne a aikinmu, kuma ana lissafa cewa kusan mace ɗaya cikin biyar masu ciki tana fama da shi, wata sama-sama, wata har ya kwantar da ita. Ƙashin ƙugun mutum ba dunƙule ɗaya ba ne. Kamar ƙwarya yake da aka ɗinke a wuri uku: mahaɗa biyu a baya, gefe da gefen gindin ƙashin baya, ɗaya kuma a gaba, daidai ƙasan mara. Jijiyoyi masu ƙarfi ne suke riƙe da waɗannan mahaɗai. Idan ciki ya shiga, jiki yana fitar da sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira rilaksin, su sassauta jijiyoyin don hanya ta buɗe ranar haihuwa. Ratar da ke tsakanin ƙasusuwan gaban, wadda ba ta wuce milimita 4 zuwa 5 ga macen da ba ta da ciki, takan ƙaru da milimita 2 ko 3. Wannan tsari ne na Ubangiji, ba cuta ba. Matsalar tana tasowa ne idan ɓangarorin biyu suka daina motsi tare, ga nauyin ɗa yana dannowa daga sama, ga naman ciki ya miƙe ya rage riƙo. Daga nan duk abin da zai sa mace ta tsaya a ƙafa ɗaya ko ta ware cinyoyi sai ta ji kamar ana tsaga ta. Ciwon yakan zauna a ƙashin mara, ya sauka matsematsi da cikin cinya, ko ya koma baya wajen ɗuwawu. Wasu har ƙas-ƙas suke ji in sun juya a kwance. Ya fi samun wadda ta taɓa yin sa a cikin baya, da mai tsohon ciwon baya, da wadda ta taɓa buguwa a ƙugu, da mai aikin ƙarfi. Wace ce a karkararmu ba ta aikin ƙarfi?

Shi kansa ciwon ba ya taɓa lafiyar ɗa. Ina faɗin wannan da wuri domin shi ne fargabar da mata suke ɓoyewa a zuci. Amma ba na yarda kowa ya yanke wa kansa hukunci a gida cewa "ai shi ne", saboda akwai abubuwa masu kisa da suke zuwa da kama da shi. Naƙudar da ta taso kafin lokaci takan fara da ciwon mara da baya, sai dai ita tana zuwa tana lafawa, ciki yana ɗaurewa yana saki, ko mace ta motsa ko ba ta motsa ba. Idan mabiyiya ta fara ɓallewa daga jikin mahaifa, ciwon ba ya lafawa, ciki ya yi tauri, jini ya fito ko ya taru a ciki ba a gani; wannan minti kaɗan ne tsakaninsa da asarar rai biyu. Ciwon fitsari da ya hau ƙoda yana zuwa da zazzaɓi da zafin fitsari da ciwon kwiɓi, kuma yana iya tayar da naƙuda. Mai sikila kuwa, ciwon ƙashinta a lokacin ciki ba abin jira ba ne ko na dare ɗaya. Haka in faya ta fashe, ko motsin ɗa ya ragu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, wanda shi ne sallamar jijjiga. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a tsaya neman wanda zai ba da izini ko jiran gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ta Babban Asibitin Wudil, daga can kuma Kano tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka, inda Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suke.

Bambance waɗannan ba ya ɗaukar lokaci a wurinmu. Mu auna jini, mu duba fitsari, mu taɓa ciki mu ji ko yana ɗaurewa, mu saurari bugun zuciyar ɗa, sannan mu danna ƙashin mara a hankali mu ga yadda fuskarta za ta yi. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awon ciki sau takwas maimakon huɗu, kuma biyar daga ciki suna faɗowa ne daga mako na 30 zuwa na 40, daidai lokacin da wannan ciwo yake tsananta. Mai zuwa awo a kan kari tana da damar faɗa sau da yawa. Ta faɗa kawai.

Wata ranar kasuwa wani magidanci ya kawo matarsa a bayan babur, cikinta na huɗu, uwarsa ta biyo su a wani babur ɗin. Sauko da ita kaɗai sai da mutum biyu suka kama, tana cije leɓe hawaye na zuba. Tun kafin in yi tambaya dattijuwar ta riga ni: "'Yar nan, ki duba mana ita. Mu da muka haifi tara muna surfe har ranar naƙuda ba mu san wannan ba. Yaran yanzu sai son jiki." Ban yi musu da ita ba. Bayan na gama duba abin da ya kamata na ga ɗa lafiya lau, sai na ce, "Inna, matso kusa ki gani." Na sa matar ta kwanta rigingine na ɗan lokaci, na ce ta miƙe ƙafar dama ta ɗaga. Ta yi ta ƙoƙari, cinya tana rawa, dunduniya ko taƙi ɗaya ba ta bar katifa ba. Na karɓi mayafinta na ninka shi da faɗi, na zagaya shi a ƙugunta ƙasa da ciki, daidai kan ƙasusuwan gefe, na ja na ɗaure tamau. Na ce ta sake. Ƙafar ta tashi. Ba ta yi sama can ba, amma ta tashi, kuma ita kanta sai da ta buɗe ido tana kallona. Dattijuwar ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da gaske take." Ita ce daga baya ta riƙa tambayata abin da za a ɗauke mata na aikin gida.

Wannan tambayar ita ce rabin maganin, domin maganin wannan ciwo ya fi yawa a tsakar gida fiye da kan teburina. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gwiwoyi su zauna kusa da juna, nauyin jiki kuma kada ya tafi kan ƙafa ɗaya. In za ta juya a kwance, ta haɗe gwiwoyinta ta juya gaba ɗaya. Ta kwanta a gefe da matashi tsakanin cinyoyi. Tashi daga tabarma ko katifar ƙasa shi ne ya fi wahalar da su, don haka in akwai gado a gidan, nata ne har ta haihu. Ta zauna kafin ta sa siket ko wando, kada ta tsaya tana ɗaga ƙafa. Saɓa yaro a kwiɓi ɗaya, jan guga a rijiya, ɗaukar bokitin ruwa, daka, shara a duƙe, wanki a tsugune, zaman harɗe a ƙasa: a ɗauke mata su, ko a sauya yadda take yi. Girki a kan kujera mai ɗan tsayi ya fi 'yar tsugunno. Ban ɗaki na tsugunno azaba ne gare ta, kuma mata ba sa faɗa. Kafinta zai iya huda kujerar katako a ɗora a kan masai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Hawa babur a ware yana ƙara tsananta ciwon, in da hali a nemo adaidaita sahu ko mota, ta shiga da baya ta zauna, sannan ta shigo da ƙafafu biyu tare.

Salla ma tana cikin abin da nake tambaya, domin na ga mata suna kuka a sujada ba su gaya wa kowa ba. Addini ya yi rangwame ga wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, kuma duk malamin unguwa zai tabbatar mata da haka. Haka zancen shimfiɗa tsakaninta da maigida: magana ce da ya kamata su yi da juna, ya kuma yi haƙuri da abin da jikinta ba zai ɗauka ba.

Ban ce ta kwanta wuni guda ba. Yawan kwanciya yana sandarar da jiki, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida daidai ƙarfinta, ta huta kafin ciwon ya ce mata ta huta. Ɗaurin zani a ƙugu irin wanda na kwatanta yana taimakawa lokacin tafiya, amma a ƙasan ciki ake ɗaura shi, ba a kansa ba, kuma a kwance shi in za a yi barci. Tsumma da ruwan ɗumi a gindin baya yana kawo sauƙi. Wadda abin ya kai ta ga kasa takawa, mukan tura ta wurin masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda suke da sashe a manyan asibitocin Kano, su koya mata motsa jikin da zai ƙarfafa naman ƙugu, su ba ta bel na musamman ko sandar dogarawa. Mai ɗorin gargajiya kuwa kada a bari ya ja mata ƙafa ko ya danne ƙugunta. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis. Maigida ya ga matarsa ba ta barci, tausayi ya kama shi, ya je ya ce a ba shi haɗin ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna ba takarda. A cikin irin wannan haɗin ne ake samun ibufurofen da dikulofenak. Magunguna ne masu kyau a wurinsu, amma ga mai tsohon ciki suna iya taɓa ƙodar ɗa su rage ruwan da yake kwance a ciki, suna kuma iya toshe wata jijiya da ke kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa a guje su tun daga mako na 20. Tiramol da kodin kuma, in aka daɗe ana sha, jariri yakan fito jikinsa ya saba da su, ya yi ta kuka da karkarwa, wani numfashi ya ba shi wahala. Farasitamol shi ne wanda muka amince da shi, shi ma a kan yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, ba a yi ta afawa ba. In bai wadatar ba akwai abin da likita zai iya ƙarawa yana lura da ita. Jiƙe-jiƙen zaƙi ba sa ɗaure jijiyar da ta saki, wasunsu ma suna tsokano naƙuda.

Tambayar da takan zo a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, ita ce, "Malama, to aiki za a yi mini?" Galibi a'a. Yawancin masu wannan ciwo da kansu suke haihuwa, kuma ciwon shi kaɗai ba dalilin tiyata ba ne. Abin da nake roƙo shi ne ta haihu a asibiti, a rubuta a katinta na awo cewa tana da ciwon ƙugu, ita ma ta faɗa da bakinta da zarar ta shiga ɗakin haihuwa. Tun kafin ranar, ta gwada a gida ta san iya inda cinyoyinta suke buɗewa ba tare da zafi ba, don kada a wuce nan. Haihuwa a kwance ta gefe ko a durƙushe, yadda iyayenmu suka saba, ta fi mata sauƙi fiye da rigingine ana ɗage ƙafafu. Mu ma'aikata, wannan nauyi a kanmu yake: macen da ta ce ba za ta iya ware ƙafa ba, ba taurin kai take yi ba, kuma tsawa ba ta buɗe ƙugu.

Bayan haihuwa yawanci sauƙi yana zuwa cikin makonni, amma jijiyoyin ba sa komawa daidai dare ɗaya. Masu yi mata wankan jego su sassauta hannu, kada a tilasta mata tsugunno mai tsawo ko a matsa mata ƙugu da ƙarfi. Kusan ɗaya cikin goma ciwon yakan bi ta bayan haihuwa. Wadda ta yi arba'in har yanzu juyi a gado yana tashinta daga barci, ko ba ta iya tsayawa a ƙafa ɗaya ta sa takalmi, ta dawo mu duba ta mu rubuta mata takardar zuwa gashi. In kuma ta sake samun ciki, ta gaya mana tun awon farko cewa ta taɓa yi, domin yakan dawo, kuma yakan fara da wuri fiye da na baya.