Dutse yana riƙe iskar kabon, tsohuwar rijiya ce abin lura

Aikina nazarin duwatsun da ake haƙowa daga rijiyoyin mai ne, kuma sau da yawa ana tambayata ko da gaske za a iya tura iskar kabon dayoksaid, wadda ke ɗumama duniya, cikin ƙasa ta zauna. Ana iyawa, an ma daɗe ana yi.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani kogo ko tafki a can ƙasa. Babu. Idan ka ɗauki guntun dutsen yashi da aka ciro daga rijiya ka ɗiga masa ruwa, nan take zai shanye, domin tsakanin ƙwayoyinsa akwai ƙananan ƙofofi kamar na soso. Cikinsu mai da gas suke zama. Ka ɗiga a kan dutsen laka da ke samansa, ruwan zai tsaya cik. Wannan dutsen shi ne murfin da ya tsare mai shekaru miliyoyi, shi kuma ake dogara da shi ya tsare iskar.

Ana matse ta a tura ta zurfin da ya wuce mita 800, inda matsi ke sa ta yi kauri kusan kamar ruwa. Da farko murfin ne kaɗai ke hana ta hawa. Sannu a hankali wata takan maƙale a ƙofofin dutsen, wata ta narke a ruwan gishirin da ke wurin, wata kuma bayan shekaru masu yawa ta zama dutse. Shi ya sa shekarun farko ne suka fi buƙatar sa ido.

A Sleipner, cikin Tekun Arewa a ɓangaren Norway, tun 1996 ake tura iskar ƙarƙashin ƙasa ana bibiyarta. A Weyburn ta Kanada, tun 2000 ake tura ta cikin filin mai don ta koro man da ya rage. A In Salah ta Aljeriya kuwa, an fara a 2004 aka dakatar a 2011, bayan tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasa ta ɗan kumbura, aka shiga shakkar lafiyar murfin.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin rijiyoyi. Kowace rijiya huda ce a jikin murfin. Idan an bar ta ba a toshe da siminti mai kyau ba, ko simintin ya tsage, ta nan iskar za ta bi ta fito.

Don haka ina kira ga hukumomi da kamfanoni, daga yankin Neja Delta zuwa Kolmani da Agadem: a rubuta wurin kowace rijiya da zurfinta, a toshe wadda aka gama da ita yadda ya kamata, a kuma sanar da al'ummar da ke zaune kusa. Filin da ba a san rijiyoyinsa ba bai dace a ajiye iskar kabon a cikinsa ba.