Biyayya ga Sarki da Iyakarta

Ya kai mai karatu, ka biya haraji, ka girmama sarki da alƙali, gama Allah ne ya ba su iko. Amma ikon nan yana da iyaka. Duba Littafin Daniyel, sura 6. Daniyel ya yi wa Sarki Dariyus aiki da aminci, har magabtansa suka rasa laifinsa. Sa'anda aka hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, bai fasa durƙusa wa Allah sau 3 a yini ba. Bai ta da fitina ba, bai gudu ba. Aka jefa shi ramin zakuna, Allah kuwa ya tsare shi. Kai ma ka bi sarki cikin kome, sai fa in ya umurce ka da zunubi.